Mainasara Likitan Hayaƙi

Ku gyara zama, yau Mainasara na Shagari ne ya faɗo mini a rai. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kirki, ba ya zagi ba ya faɗa, sai dai bakinsa ya riga kansa girma.

A zamanin Turawa ne, ba a daɗe da dawowar sojoji daga Bama ba. Mainasara ya tafi cin rani Sakkwato, ya samu gadi a ƙofar wani gareji. Wata uku ya yi yana buɗe ƙyaure yana rufewa. Da ya dawo gida, abu uku ya zo da su: tsohuwar sufana guda, da tabon baƙin mai a gaban riga wanda ya hana a wanke, da sunan da ya raɗa wa kansa, wai Likitan Hayaƙi.

"Ni mota ba sai na taɓa ta ba," haka yake cewa a gindin durumi. "Ta yi tari sau guda, in ga launin hayaƙinta, in hwaɗa muku ciwonta da na uwatta."

Mota ɗaya ce tak a unguwar, wata tsohuwar kitika, irin mai buɗaɗɗen baya, wadda Maniru mai fata ya saya a gwanjo. Ta tsufa har salansarta, bututun da hayaƙi ke fita, ta ruɓe, maƙeri ya ƙera mata wani baki mai faɗi, dunƙulen hannu zai shiga. Direbanta Kabiru, mutum ne marar surutu, kuma ko inuwar Mainasara ba ya bari ta faɗa kan motar.

To, Mainasara yana da gwaggo, Hasiya. Mijinta Haliru ciwon baya ya kwantar da shi, noman fartanya ya gagare shi. Suna da bijimai biyu, amma babu garma. Sai ga shela: za a yi gasar amfanin gona a Bodinga, wanda albasarsa ta fi, a ba shi garmar shanu. Sharaɗi biyu ne. Albasa goma sha biyu kai ɗaya, kuma a shimfiɗa su gaban alƙalai kafin kiran azahar. Hasiya ta kwana uku tana zaɓe a cikin abin da fadamarsu ta bayar, har ta fitar da sha biyu jajaye, kowace kamar dunƙulen hannu, tauri kamar dutse. In garmar nan ba ta zo gida ba, gonar gero bana sai dai ciyawa ta ci. Maniru ya yi alkawarin kai ta da mota.

Ana gobe gasa aka aiko wa Kabiru cewa matarsa ta sauka a Bodinga. Ya ari keke ya fyalle, ya manta da mota da mai mota.

Da sassafe, sanyi na tsinka kunne, ga Hasiya da kwandonta a rufe da faifai, ga Maniru da sabon rawani, ga kitika, babu direba. Sai ga Mainasara yana tafe yana kaɗa sufana.

"Maigida, kwantad da hankalinka. Likita ya iso."

Maniru ya dube shi sama da ƙasa. "Ka iya tuƙi?"

"Tuƙi? Ni da nit tuƙa motar Bature da baya hab bakin gulbi?"

Hasiya ta ce, "Kai Mainasara, jakin ubanka ma sau ukku shina kada kai."

"Jaki ba ya da giya, Gwaggo."

Gaskiyar magana, giya ɗaya ya sani, ta farko, ita ma leƙe ya yi ya gani. Amma babu wani, rana kuwa ba ta jira. Maniru ya miƙa masa ƙarfen tada inji, wanda ake zura wa mota a hanci a murɗa ta tashi. Mainasara ya tofa yawu a tafi, ya murɗa sau ɗaya, sau biyu. A na uku kitika ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Farin hayaƙi ya fito daga salansa, siriri, yana bin ƙasa.

"Tsaya! Kowa shi ja baya!"

Ya ruga ya kashe inji. Ya durƙusa a bayan motar, ya shinshina, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Hwari. Inna lillahi. Sanyi ya kama ta hab ɓargo."

"Wane sanyi?" in ji Hasiya. "Kullum da sahe haka taka yi, awa saniyata in ta yi numhwashi. Kabiru shina barin ta shi sha kunu, kahin shi ƙare ludayi biyat ya ɗauke."

"Gwaggo, ke kin san albasa, ni na san ƙarhe. Kowa shi tsaya ga gonatai."

Ya sa aka daka citta da kimba da barkono da ɗan kanwa, aka dama, ya buɗe lagireto, inda ake zuba wa mota ruwa, ya ɗura mata. Sannan ya ce maƙogwaronta ya bushe, a kawo mai. Babu baƙin mai a garin, amma ga Atika mai ƙosai a bakin hanya da kaskonta. Ta ce za ta bayar in za a tafi da ita Bodinga ta ga gasa. Aka shirya. Mainasara ya buɗe inda ake zuba baƙin mai ya tuttula man gyaɗa har ya tumbatsa. Ragowar da ke kasko, da gutsattsarin ƙosai da komai, ya kwarara shi a bakin kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska.

Maniru ya ce, "Kabiru bai taɓa yin haka ba."

"Shi ya sa Kabiru direba na, ni likita."

Aka sake murɗawa. Sai da gumi ya keto masa cikin sanyin nan kafin ta kama. Wannan karon hayaƙi ya turnuƙe, shuɗi kamar daga marina, unguwa duk ta ɗauki ƙamshin suya.

Mainasara ya buga ƙirji. "Kun gani? Ina hwarin? Ya tahi!"

"Shuɗin ga hwa?" in ji Maniru.

"Shuɗi launin manya na. Alama ta magani ya ratsa ta. Ku hau!"

Maniru ya shiga gaba. Hasiya da Atika suka hau baya, Hasiya ta rungume kwando kamar jariri. Mainasara ya danna giyarsa guda, kitika ta zabura, ta ɗauke dannin gidan liman, ta hau hanya tana kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya.

Haka aka tafi. Inji na ihu, mota na rarrafe. Karnukan Shagari suka biyo ƙamshi, suka jeru a baya kamar masu rakiyar baƙo. Ba a yi nisa ba wani tsoho a kan jaki ya cim musu, ya jera da tagar direba.

"Sannunku da tahiya. In kuna da saƙo Bodinga ku ba ni, in riga ku."

"Wuce, tsoho! Muna ɗumama ta na."

"Allah shi ba ta lahiya," in ji mai jaki, ya wuce.

Da suka shiga Lambara, mata suka riƙa fitowa ƙofar gida da akushi. Wata ta ɗaga murya, "Mai mota, a ba mu na zahi-zahi!" Atika ta miƙe tsaye tana rantsuwa da ta sani da ta taho da ƙullu. Ana cikin haka lagireto ya tafasa. Murfi ya yi tsalle, tururin citta da barkono ya feso ya lulluɓe kasuwar bakin hanya.

Wayyo, atishawa! Mahauci ya yi, wanzami ya yi har ya zabge wa mutum rabin gira, karnuka suka yi, Maniru ya yi guda tara a jere yana "Alhamdu" ba ya kai ƙarshenta. Mainasara ya yi wata da ta sa ƙafarsa ta zame, mota ta mutu a tsakiyar hanya.

Maniru ya share hawaye. "Wanga kuma wane launi na, Likita?"

"Zuhwa ta. Marar lahiya in ya yi zuhwa ai ya tashi." Ya buɗe inji ya leƙa, ya ga wani gwangwani mai ramuka inda mota ke shaƙar iska. Ya tafa hannu. "Ga shi nan! Hancinta a buɗe! Wa ka shan magani shi bar hanci ga iska? A ba ni ƙyalle."

Babu ƙyalle. Idonsa ya sauka a kan Maniru.

"A'a. Rawanin ga jiya anka kawo min shi."

"Maigida, kai ko motakka, wa ad da mura?"

Hasiya ta leƙo daga baya, ido jawur. "Maniru, ba shi. Dubi inuwa, ta hwara shiga ƙarƙashin mota. In anka kira azahar muna nan, da ni da kai da shi, sai Allah."

Maniru ya kwance rawani yana ƙunƙuni. Mainasara ya naɗa wa hancin motar, naɗi mai kyau har da kunnuwa biyu. Aka cika lagireto da ruwan rijiya, mutanen Lambara suka tura, ba don so ba, don su rabu da su. Kitika ta kama, ta yi gurnani, sai baƙin hayaƙi, baƙi ƙirin kamar an kunna wa tsummokaran duniya wuta.

"Madalla," in ji Mainasara. "Baƙi shi na ƙarshe. Dut daɗɗen ciwon na ka hita."

Daga nan tafiyar ta koma ta hawainiya. Motar da aka toshe wa numfashi ina za ta samu ƙarfi? Suka tarar da mai jaki ya sauka gindin wata tsamiya, ya ci goro, ya yi ɗan barci. Ya farka, ya hau, ya sake cim musu. Ya leƙa bayan mota, ya ga mata biyu baƙaƙe wuluk, ido kawai ke motsi.

"Ɗazu na ga mutane nan. Ina kunka kai su, kunka ɗauko gawayi?"

Hasiya faifan kwandonta kawai ta ƙara dannewa.

Rana ta gota tsaka suka hango filin gasa a bakin Bodinga: rumfuna, tutoci, shanu da raguna, jama'a maƙil. A babbar rumfa ga Baturen gona da hularsa mai kama da ƙwarya, ga malamin gona yana yi masa tafinta. Can gefe ga garma sabuwa tana ƙyalli.

Nan ne Mainasara ya shiga damuwa. Ba don Hasiya ba, a'a. Ya waiwaya ne ya ga baƙin hayaƙi ya yi hanya a sama tun daga Lambara, ya ga mutanen Bodinga sun fara nuni suna dariya. Likitan Hayaƙi ya shigo gari da hayaƙi? Ina! Ya tsaya a bakin fili, mota ta mutu don kanta. Mata suka sauka, Hasiya ta aje kwando ta karɓi buta tana wanke fuska. Mainasara ya zagaya baya ya tsura wa bakin salansa ido. Wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta faɗo wa mai hankali: hayaƙi ai ta ƙofa yake fita. A rufe ƙofar mana.

Ya sa dutse, ya faɗo. Ya nemi ƙyalle, rawani ya riga ya tafi. Sai ya dubi bakin salansa, ya dubi kwando. Ya zura hannu ƙarƙashin faifai ya zaro guda. A ransa ya ce sha ɗaya da sha biyu duk albasa ce, wa zai tsaya ƙirga? Ya cusa ta, ta zauna daram kamar don ita maƙeri ya yi aikin. Ya cire takalmi ya ƙara mata duka uku.

Hasiya ta ɗauki kwando ta ruga rumfa. Shi kuwa ya tara majiya ƙarfi suka juya masa motar, bayanta ya fuskanci babbar rumfa, don kowa ya ga salansa da idonsa. Ya hau kan taya ya gyara murya.

"Jama'ar Bodinga! Kun ga hayaƙin da motag ga taz zo da shi? Yanzu za ni tada ta, in kunka ga ko na taba sigari, ku canza min suna!"

Daga rumfa ya jiyo muryar malamin gona. "Inna, sha ɗaya ta."

"Sha biyu ta, Malam. Da hannuna niz zaɓe su."

"Ƙirga da kanki."

Ya jiyo Hasiya tana ƙirgawa, ya jiyo ta kife kwando tana kakkaɓewa, ya jiyo muryarta ta karye tana cewa a dubi Allah, mijinta na kwance. Malamin gona ya ce shi ba shi ya kafa doka ba, ga ladan can ma ya nufi masallaci. Mainasara ya taka zai nufi salansa. Amma idanu ɗari suna kansa. Ya ce a ransa, bari in gama, in ciro mata abarta.

Ya murɗa. Ya sake murɗawa. Kitika ta kama.

Babu hayaƙi. Ko ɗis.

Kowa ya zuba ido. Mainasara ya buɗe hannuwa, ya juya dama, ya juya hagu, yana karɓar gaisuwar da ba a riga an yi ba. Bai lura motar ta fara rawar ɗari ba. Bai ji cikinta na ƙugi kamar na wanda ya ci wake da kanwa ba. Sai ga Kabiru ya keto taro da gudu, hula a hannu.

"Kashe ta! Kai, kashe ta!"

Daram!

Tsuntsayen Bodinga duk suka tashi. Ragon da ya ci na ɗaya ya tsinke igiya ya bi ta kan mai tallan nono. Wani tsohon soja da ya dawo daga Bama ya kurma ihu, "Kowa ƙasa!" ya nutse ƙarƙashin tabarmar masu dawa. Hayaƙi ya fito gaba ɗaya, fari da shuɗi da baƙi a cakuɗe, ya rufe Mainasara ruf. Albasa kuwa ta ratsa fili tana fito, ta ɗauke hular Bature daga kansa, ta bugi ginshiƙin rumfa, ta dawo, ta gangara a hankali, ta tsaya a gefen tabarmar Hasiya.

Duk filin, Hasiya ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta sunkuya ta ɗauki albasar, ta dube ta, ta gane abarta. Ta goge ta da bakin zane, ta aje ta a ƙarshen layi.

"Malam, sake ƙirga."

Malamin gona ya fito daga bayan kujera, ya hau ƙirga. "Goma... sha ɗaya... sha biyu."

Bai rufe baki ba ladan ya ɗaga murya.

Aka miƙo wa Bature hularsa ta loɓa a gefe guda. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya nuna albasar, aka ba shi. Ya juya ta, ya matsa da babban yatsa, ya matsa da hannu biyu. Ko tsagewa ba ta yi ba, ɓawon sama kawai ya ƙone. Ya dubi hula, ya dubi albasa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi magana da Turanci yana share ido.

Malamin gona ya fassara: "Ya ce shekara shida shina neman albasad da za ta kai Ikko cikin mota ba ta ruɓe ba. Wadda anka harba da mota tab bugi kan Bature ba ta hwashe ba, ko Ingila ta kai. Garma ta Inna ta."

Guɗa ta tashi, Atika ce kan gaba. Daga cikin hayaƙi sai ga wani baƙin abu ya fito yana tari, sufana a hannu.

"Da gangan niy yi! Na auna iska, na auna hula..."

Kabiru ya wuce shi ya nufi mota. Ya buɗe inji a gaban jama'a, ya warware rawani, ya miƙa wa Maniru, baƙi, yana ɗigar mai. Ya kwance ƙasan inji, man gyaɗa ya kwararo, har da ƙosai guda. Ya shinshina lagireto, ya yi atishawa.

"Da sahe wane hayaƙi tay yi?"

"Hwari," in ji Maniru.

"Siriri, mai bin ƙasa?"

"Shi."

"Raɓa ta da sanyin sahe. Da kun bar ta, ludayi biyat na kunu ya ɗauke. Shuɗi, mai na taka ci. Baƙi, an hana ta iska, hetur ya yi mata yawa. Lahiyatta lau kunka taso ta. Yanzu kam sai ta kwana ukku nan ina wanke mata ciki."

Wani daga cikin taro ya ce, "Ya ce a canza mai suna!" Kafin la'asar duk Bodinga ta san shi da Bindigar Albasa.

Saura magana ɗaya: mota ta kwanta, garma kuwa ƙarfe ce, kuma Shagari ba kusa ba. Hasiya ta dubi garma, ta dubi ɗan ɗan'uwanta, ta tuɓe ɗankwalinta na biyu ta naɗa masa gammo da hannunta.

Washegari da sassafe suka kama hanya. Hasiya a kan jakin tsohon nan, wanda ya ba ta aro, ya ce tukuicin kallon da ya sha ne. Mainasara a gaba, garma a ka, wuya ya shige kafaɗa. Sanyi ya fi na jiya. Bai kai Lambara ba ya fara haki, kowane numfashi sai farin tururi ya fito masa ta baki da hanci, siriri, yana bin iska.

Hasiya ta zunguri jaki ta jera da shi. Ta leƙa fuskarsa da kyau, ta girgiza kai kamar wadda ta zo ta'aziyya.

"Inna lillahi. Mainasara, hwari na ka hita. Tsoho, tsaya mu nemo man gyaɗa."

"Gwaggo, don Allah! Raɓa ta! Bar ni, shina ɗaukewa da kainai!"

"Ashe ka sani," in ji Hasiya. Ta ɓare goro ta jefa masa rabi a baki, tunda hannuwansa na riƙe da garma. "Taka a hankali, ɗana. Giya guda ta ishe ka."

Garma ta isa gida, gero ya yi kyau a shekarar, Haliru ya sha dariya har ya ce bayansa ya yi sauƙi. Ni kuma nan na sauke nawa kayan, wuyana ya gaji.